Zuwa ga masu zanen teku a bangon shagunanmu

'Yan'uwa masu buroshi da fenti na Mandera, Bodinga da Shagari.

Maganata a kan hoton nan ce da kuke yawan yi a shagon aski da labulen mai ɗaukar hoto da bayan manyan motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega: ruwa shuɗi, bishiyar kwakwa ta karkata, rana jawur tana faɗuwa, kwalekwale ɗaya a gefe. Hannunku ya faɗa, ba musu. Roƙona ku riƙa tunanin abin da hoton zai faɗa wa mutumin da zai zauna gabansa.

Ku fara da kwalekwalen. A kalandar da ake kwaikwayo, jirgin da ba kowa ciki hutu yake nufi. A nan kuwa, a watan Afrilun 2022 jirgi ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29, galibinsu yara da matasa da suka fita neman itace. Allah Ya jiƙansu. Uwar da ta san wannan rana, in ta ga jirgi wayam bisa ruwa mai duhu, gabanta faɗuwa zai yi. In natsuwa kuke nema, ku zaunar da masunci a ciki da tarunsa, ko ku ɗaure jirgin a gaɓa, igiyar ta fito sosai.

Sai jan nan. Wanda ya shigo aski daga ranar bazara sanyi idonsa ke nema, ku kuma kun hura masa wuta a bango. Ku rage ja, ku sa kore-kore inda ruwan bai da zurfi, farin kumfa a bakin yashi, inuwa doguwa. Ku sauko da layin da sama ta haɗu da ruwa, mai kallo ya sami sarari; in kun ɗaga shi, ruwan zai zama kamar zai rufe shi.

Kwakwa ma ba ado ba ce kawai. A gaɓar Gberefu ta Badagry, inda itatuwan kwakwa suke a yau, aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa. Mu kuma muna da giginya, wadda ake wa kirari da na nesa ka sha inuwarki, kuma duk Basakkwace zai karanta ta ba tare da an yi masa bayani ba.

Kafin ku sake haɗa shuɗi, ku je madatsar ruwan Shagari bayan la'asar, ku dubi launin da ruwa ke ɗauka lokacin hunturu, ku koma ku dube shi da damina.

Wassalam.