Masu Hawan Igiyar Teku A Ƙasar Sanyi

A wannan mako za mu leƙa can arewacin ƙasar Norwe, tsibiran Lofoten, inda akwai wani ɗan ƙauye a bakin teku, duwatsu sun sa shi tsakiya, sunansa Unstad. Abin da ya fitar da sunansa a duniya shi ne wasan hawan igiyar ruwa, watau mutum ya tsaya bisa wani dogon allo, igiyar teku ta kwaso shi a guje zuwa gaɓa.

Wasan nan a ƙasashen zafi aka san shi, musamman tsibiran Hawai. To, me ya kai shi Unstad? Waɗansu samari biyu ne ma'aikatan jirgin ruwa, Thor Frantzen da Hans Egil Krane, suka gan shi a Sidni ta ƙasar Ostareliya. Da suka komo gida ba su tarar da inda ake sayar da allon ba, sai suka ƙera nasu da hannunsu, suka shiga ruwa da shi a 1963.

Tekun wurin ba ya daskarewa, domin akwai wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa cikin tekun Atlantika tun daga mashigin Meksiko. Duk da haka, da hunturu sanyinsa yakan kai wajen digiri 5. Cikin watan Disamba kuwa akan yi makonni rana ba ta fito ba. Abin mamaki, lokacin sanyin ne igiyar ta fi girma, saboda guguwar da ke tashi can tsakiyar teku ita ke turo ta. Wanda ke son zuma kuwa, dole ya jure harbi.

Amma fa ruwan sanyi ba ya wasa. Yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska har wajen ninki 25. Da zarar mutum ya faɗa ciki ba shiri, numfashinsa zai sarƙe, yana iya shaƙar ruwa, bayan 'yan mintoci kuma hannu da ƙafa su daina yi masa biyayya. Shi ya sa suke sa rigar roba mai kaurin milimita 5 ko 6, da hula, da safar hannu da ta ƙafa. Irin wannan riga wani masanin kimiyya Ba'amurke, Hugh Bradner, ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1950.

Mai kallo daga nesa zai ce ganganci ne kawai. Ni a ganina akasin haka ne. Ƙwararrensu ba ya shiga sai ya duba iska da yanayin teku, ba ya nisa da 'yan'uwansa, in kuwa yatsunsa suka fara mutuwa sai ya fito, komai kyan igiyar da ke tafe. Sabon shiga ma haka ake koya masa tun ranar farko. Teku ba ta san jarumi ba, wanda ya san iyakarsa shi ke komawa gida ya sha shayi, gobe ya dawo.

Da wannan haƙuri da kiyayewa ne abin da samari biyu suka fara ya ɗore fiye da shekara 60, har ƙauyen ya sami makarantar koyon wasan da masaukin baƙi, mutane na zuwa daga ƙasashe daban-daban.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.