Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Filato Kan Ramukan da Ke Buɗewa a Gonaki

Mai girma Gwamna Caleb Mutfwang, ranka ya daɗe.

Na rubuto ne a kan wata matsala da ba a cika jin ta a rediyo ba sai ranar da ta ci rai. Ina nufin ƙasar da ke ruftawa a tsakiyar gonaki da burtalai a yankunan da aka yi haƙar kuza: Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi, Dorowa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Manomi ya bar gonarsa lafiya lau da yamma, a kwana ana ruwa, da safe ya tarar da rami ya buɗe baki a inda jiya ya yi huɗa. Tambayata ɗaya ce: wannan bawan Allah, wa zai kira?

A yau ba shi da kowa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta damƙa amanar ƙasa a hannun gwamnan jiha. Rami kuwa ya faro ne daga ƙarƙashi ya ɓullo sama, don haka kowane ofis yana da hujjar da zai ce ba huruminsa ba ne. Hukumar ba da agajin gaggawa takan zo bayan an fito da gawa. Kafin nan, manomi da maƙwabtansa ne kaɗai ke tsaye a bakin ramin suna shawara.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka fara kwasar kuza a wannan tudu, suka jawo lebura daga ƙasar Hausa da Barno da kudu, har garuruwa suka kafu a bakin barikoki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasar da aikin ya lalata ta haura murabba'in kilomita 300. A 1946 Turawan mulki sun yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni gyara wurin da suka haƙa, aka kuma kafa sashen cike ramuka, wanda ya bar mana dazuzzukan itacen turare da muke gani har yanzu. Amma abin da aka gyara kaɗan ne. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, sauran kamfanonin suka naɗe tabarmarsu. Manyan tafkunan da suka bari kowa na ganin su, har ana noman rani na dankalin turawa da kabeji da ruwansu, duk da yaran da suke cinyewa. Wanda ba a gani shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Shi ne loto. Matasanmu kan haƙa rami a miƙe kamar rijiya har su kai ga tsakuwar da ke ɗauke da kuza, sannan su yi ta rarake gefe da gefe, wani lokaci har su ratsa ƙarƙashin gonar da ba su ma san mai ita ba. Idan kuza ta ƙare, sai a jefa ƙiraruwa da ciyawa a bakin ramin, a watsa ƙasa, a yi gaba. Kogon yana nan. Kowace damina, musamman a Yuli da Agusta, ruwa na tsatsafowa yana zubar da rufinsa kaɗan-kaɗan, kogon yana hawowa sama, har ya rage ɓawon ƙasa da ba zai ɗauki saniya ba, balle tarakta. Babu taswirar waɗannan ramuka a ko'ina sai a kawunan waɗanda suka haƙa su.

Abin da manomi kan yi idan rami ya buɗe shi ne abin da kowa zai yi idan ba a nuna masa wani ba. Yakan tura ƙasa da shara da karan masara, wani lokaci har da mushen dabba, ya daddale, ya ci gaba da noma. Bayan ruwa biyu ko uku ramin ya haɗiye komai ya ƙara faɗi, domin maƙogwaron da ke zuƙe ƙasar yana nan a buɗe. Abin da aka zuba kuma yana gangarawa kai tsaye cikin ruwan da rijiyoyin ƙauye ke sha. Wasu sukan cike da yashin da aka wanke kuza, alhali an daɗe da gano cewa yashin nan na ɗauke da ma'adanai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki. Wasu kuma shiru suke yi, ko don kada gonar ta faɗi a kasuwa, ko don su da kansu suka ba 'yan loto hayar wurin, suna tsoron kama su.

Ranka ya daɗe, a Fabrairun 2025 ka sa hannu a umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. Umarnin ya shafi ramin da za a haƙa gobe. Na jiya da na shekaranjiya suna nan suna jira, kuma a kansu nake ba da shawara.

Abu na farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a samar da lambar waya ɗaya da jami'i ɗaya a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, wanda mai unguwa, dagaci ko arɗo zai sanar wa da zarar ƙasa ta rufta ko ta nuna alama. A kuma faɗa da babbar murya, a coci da masallaci da kasuwa, da Hausa da Berom da Fulatanci, cewa wanda ya kawo rahoto ba za a kama shi ba, ba za a ƙwace masa gona ba. In ba a ba da wannan tabbaci ba, wayar ba za ta yi ƙara ba. Alamun ma a koya wa jama'a: tsagewar ƙasa a zagaye, wurin da ke lotsawa yana tara ruwa, ruwan da ke ɓacewa a wuri ɗaya farat ɗaya, shinge ko bishiyar da ta karkata, rijiyar da ta gurɓace ba dalili. Wanda ya ga haka ya kafa shinge nesa da bakin, domin ramin ya fi faɗi a ciki, kuma kada kowa ya sauka don leƙawa.

Daga nan sai masana. A wannan fanni Filato ba ta da uzuri. Jami'ar Jos na da sashen nazarin duwatsu da ƙasa, Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai ta Ƙasa tana nan cikin Jos, kuma na'urar da masu haƙar rijiyar burtsatse ke auna ƙasa da ita tana iya nuna inda kogo yake. A haɗa su da tsofaffin 'yan loto, a biya waɗannan dattawa ladan nuna wuri, a zana taswira ƙauye bayan ƙauye kafin su ƙare. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka sani.

Cike ramin ma yana da ƙa'ida, kuma ba ta da wuya. Ana buɗe shi da motar haƙa har a kai ga ƙasa mai ƙarfi, a toshe maƙogwaron da manyan duwatsu, a bi da ƙanana, sai tsakuwa, sai yashi, a rufe da yumɓu a daddale, a yi tudu yadda ruwa zai gangara gefe. Ramin da ya yi zurfi sosai a rufe shi da murfin kankare, a kafa alama. Dutse ba ya yi mana wuya a Filato. Motar haƙa da man da za ta sha ne suka fi ƙarfin talaka.

Za a ce ina kuɗi? Akwai kason muhalli da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya. Akwai shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin arewa 19 da Abuja, Filato na ciki. Dokar 2007 ɗin ma ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba wa kuɗi, da kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Kai ne ke da bakin da za ka tambayi Ministan Ma'adinai, Dele Alake, abin da Filato ta samu daga wannan tanadi. A Birtaniya, ƙasar da kuzarmu ta tafi, akwai hukumar da aka kafa a 1994 wadda ke amsa waya dare da rana idan tsohon ramin kwal ya rufta, ta zo ta killace ta gyara ba tare da mai fili ya biya ba. Ba mu ce a yi mana irin nasu dare ɗaya ba, amma manomin da ya rasa rabin gonarsa saboda ramin da ba shi ya haƙa ba ya cancanci diyya, ko a ba shi wani fili.

Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa a fara da ƙaramar hukuma ɗaya, Jos ta Kudu ko Barikin Ladi, a rani mai zuwa, lokacin da mota za ta iya shiga gona. A sanar da lambar wayar, a killace ramukan da aka riga aka sani, a fara da waɗanda ke kusa da makarantu da hanyar rafi da burtalin shanu, kafin ruwan Afrilu ya sauka.

Allah ya yi maka jagora, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Bukuru.