Kafin A Kai Ga Ƙafafun Ƙarfe, A Fara Da Katako Da Matashi

Duk mutumin Arewa da ya daɗe yana neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, da wuya a ce bai san wani da aka kwasa daga bakin hanya yana magana da bakinsa, amma ƙafafunsa sun daina jin komai ba. Wani daga saman babbar motar tumatir ya faɗo, wani babur ne ya kayar da shi, wani kuwa buhu ne ya danne shi wajen dako. Ciwon iri ɗaya ne, watau raunin laka, wannan farar igiya da ke cikin ƙashin baya wadda kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, wadda ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. In ta tsinke, duk abin da ke ƙasa da wurin sai ya shanye, har da ikon riƙe fitsari da bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2013 cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun wannan rauni a kowace shekara.

A 'yan shekarun nan hotuna suna ta yawo a wayoyin jama'a na guragu a ƙasashen Turawa sun miƙe tsaye cikin ƙafafun ƙarfe masu inji. Labarin gaskiya ne. Wani injiniya a Isra'ila, Amit Goffer, wanda haɗari ya shanye masa jiki a 1997, shi ya ƙera na'urar da ake kira ReWalk: ƙarafa ake ɗaura wa mutum daga ƙugu zuwa sawu, da injina a kwatangwalo da gwiwa, sa'an nan in ya ɗan sunkuya gaba na'urar ta ɗaga masa ƙafa. Da ita wata mata mai suna Claire Lomas ta gama tseren dogon zango na Landan a 2012, cikin kwana 17. A 2023 kuma masana a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch, suka dasa wa wani mutumin Holan na'urori a kai da baya, suna ɗaukar nufinsa daga ƙwaƙwalwa suna tsallake wurin raunin da shi, har ya taka matakala.

Wannan ci gaba abin yabo ne ƙwarai, amma lalle ne mai karatu ya san iyakarsa. Sa'ad da hukumar Amurka ta yarda a sayar da ReWalk don amfanin gida a 2014, kuɗinta ya kai wajen dala 70,000. Tana bukatar batir mai caji, da daɓe mai laushi, da ƙwararren da zai horar da mai ita watanni, da hannuwa masu ƙarfin riƙe sanduna. Shi kansa Goffer bai iya tafiya da abin da ya ƙera ba, domin rauninsa ya taɓa hannuwansa. To, ina ga ɗan dakon da ke kwana a rumfa a kasuwar Mile 12? Har ila yau, babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da ke ɗinke lakar da ta tsinke.

Abin da ya kamata jama'a su riƙe shi ne, ba rashin tafiya ke kashe mai wannan ciwo ba. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne ke kai shi kabari. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin 80 cikin 100 na sojojin da suka sami raunin laka sun mutu cikin 'yan makonni. Wanda ya juya wannan lissafi shi ne Dokta Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Ba shi da wani mutum-mutumi. Dokarsa ita ce a juya majinyaci bayan kowace awa biyu, dare da rana, a zubar masa da fitsari cikin tsabta, a sa shi motsa jiki, a koya masa sana'a. A 1948 ya shirya wa majinyata 16 gasar harbin kwari da baka, kuma daga nan aka sami wasannin naƙasassu na duniya da aka fara a Rum a 1960. A 1972 wani likita a Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa majinyaci na iya sa wa kansa robar fitsari mai tsabta sau da yawa a yini, ya tsira daga lalacewar ƙoda.

Saboda haka kayan taimako na farko a ƙasar nan guda uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin jama'a. Na ɗaya katako. Mutanen kirki cikin gaggawa sukan kama wanda ya faɗi hannu da ƙafa su naɗe shi cikin tasi, alhali kuwa wannan ɗauka na iya ƙarasa lakar da haɗarin ya bari da saura. Wanda ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko wuyansa na ciwo, a bar shi yadda yake a kira jami'an kiyaye haɗurra ta lamba 122. In dole sai an ɗauke shi, a sa shi bisa faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya na riƙe da kansa kada ya karkace. Kuma kada a kai shi wurin mai ɗori. Ɗori na da wurinsa, amma baya da wuya ba nasa ba ne. Akwai asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, da na Inugu, da na Dala a Kano.

Na biyu matashin zama mai kyau da katifa, tare da mai juya majinyaci. Na uku keken da aka auna da jikin mai shi. Keken da aka raba a taron siyasa ba tare da awo ba, sau da yawa shi ke jawo gyambon da zai kwantar da mutum shekara guda. Masu walda a Kano sun daɗe suna ƙera keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ke jure ramuka, kuma kowane mai gyaran keke zai iya gyara shi. Waɗannan maƙera su ya kamata a haɗa da likitocin gashin ƙashi, a koya musu awo da yin matashi.

Akwai kuma haƙƙi a wuyan hukuma. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar shiga da keke. Wa'adin ya cika a 2024, amma duk mai zuwa banki ko tasha ko ofis ya san matakala nawa suka rage. Keke ba shi da amfani in ƙofa ta hana shi shiga.

Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, da shugabannin 'yan dako da direbobi da 'yan kasuwar shanu, sun saba haɗa kuɗi cikin awa guda don kai gawa gida. Irin wannan asusu ya kamata a yi wa mai rai: a sayi katifa da roba da keke, a aika matasa biyu ko uku su koyi ɗaukar mai rauni, sa'an nan a ba wanda ya warke tebur a kasuwa maimakon a miƙa masa ƙoƙon bara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙafafun ƙarfe za su yi araha wata rana kamar yadda wayar hannu ta yi, amma wanda gyambo ya kashe a wata na shida ba zai ga ranar ba.