Gandun Daji da Gaɓar Kogi Suna da Masu Haƙƙi

Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ya kuma ga yadda manyan motoci ke fita daga cikinta maƙare da dabbobi suna nufar Legas da Fatakwal da Anaca, in ya yi tadabburi kaɗan, zai gane cewa dukiyar nan da dillalai ke ƙirgawa a cikin gari, a daji aka haife ta, a fadama ta yi ƙiba, daga kogi da tafki kuma ta sha ruwa. Saboda haka al'amarin daji da kogi ya shafi attajirin da ke zaune a shagonsa daidai da yadda ya shafi Bafillatanin da ke ruga, ko da shi attajirin bai taɓa taka burtali da ƙafarsa ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a makon nan shi ne yadda ake ta gutsurar gandayen dajin da aka shata tun zamanin En'e, waɗanda a da malamin daji ke kewayawa, ba mai iya sare marke ko kirya a cikinsu sai da takarda, yanzu kuwa ana yanka su gonaki gonaki ana miƙa wa masu hannu da shuni, domin riɗi da kankana sun yi kuɗi. Mai gona ya shigo da tarakta, mai gawayi ya biyo bayansa ya kwashe abin da aka kayar. A gaɓar kogi kuma, inda kanya da tsamiya da gawo suke riƙe da ƙasa da saiwoyinsu, ana tumɓuke su a kafa injin ban-ruwa har bakin ruwa. In damina ta faɗi, ruwan da a da yake tsayawa ƙarƙashin itatuwa ya nutse sannu a hankali ya cika rijiyoyi, sai ya gangara gaba ɗaya da yashi, ya zaizaye gona, ya cike ƙorama, ya shiga gidajen mutane, sa'an nan kafin bazara a wayi gari rijiyar unguwa ta ƙafe.

Mu mutanen Yobe ba mu da uzurin jahiltar wannan, gama mun riga mun ɗanɗana irin abin da ke samun na ƙasa idan na sama ya yi yadda ya ga dama da ruwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, su ratsa Gashuwa da Gaidam su nufi Tafkin Chadi, su ne suke malala kowace shekara su shayar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani suke noman shinkafa, su kama kifi, su yi kiwo da rani, su yanki kaba a dajin goruba. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, domin noman rani a ƙasar Kano, sai malalar nan ta ragu ƙwarai, ruwan kuma ya daina zuwa a lokacinsa ya janye a lokacinsa, har ciyawar kacalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna fa'idar ruwan nan a farkon shekarun 1990, suka tarar cewa abin da yake haifarwa a dausayi, na amfanin gona da kifi da itace, ya ninka abin da yake haifarwa a gonakin ban-ruwa na gwamnati ninki mai yawan gaske. Amma da yake arzikin talakan fadama a warwatse yake, ba ya shiga littafin ofis, sai aka ɗauke shi tamkar babu. Wuraren da suka rage, kamar tafkin tsuntsaye na Dagona da dajin Zurgum Baderi da na Gorgoram, sun rage ne domin doka ta yi musu shinge.

Wannan jarrabawa ba mu kaɗai take samu ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wasu itatuwa jajaye, mafiya tsawo a duniya, waɗansunsu sun haura mita 100, waɗansu kuma sun shekara 2,000 a tsaye, an sare mafi yawan tsofaffinsu tuntuni. Da noman inabi ya yi daraja, kamfanoni suka ɗaura niyyar share dazuzzukan da ke kewaye da kogin Gualala su dasa shi, sai mazauna wurin suka tashi, suka shiga kotu, suna kafa hujja da cewa kogin zai ƙafe, kifinsa ya ƙare. Har a 2013 aka sayi wani yanki mai faɗin eka kusan 20,000 aka killace shi ya zauna daji. Su inabi ne ya ruɗi attajiransu, mu riɗi ne, illar kuwa guda ce.

Sai dai mu muna da abin da ya riga kotunan Amurka da ƙarni masu yawa, wato hukuncin da fuƙaha'unmu suka zayyana a babin raya mataccen fili, wanda almajirin da ya kai Muhtasar ya karanta shi a zaure. Gaskiya ne shari'a ta ba wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba haƙƙin mallakarta, da wannan ne kuma masu share daji suke fakewa, suna cewa ai saura ce, ba mai amfani da ita. Amma malaman mazhabar Malikiyya sun yi togaciya bayyananniya: kowane gari yana da huruminsa, shi ne gwargwadon wurin da mutanensa ke zuwa itace, dabbobinsu kuma suke fita kiwo da safe su komo da yamma, wannan ba a kiransa matacce, ba kuma mai ikon keɓe shi ga kansa, rijiya tana da hurumi, kogi yana da hurumi, fili ma da ke kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba, shi kuwa shugaba ba ya ba da izini kan abin da zai cuci jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya killace Rabaza, duka domin maslahar al'umma. A sha'anin ruwa kuma hukuncin da aka yanke shi ne na sama ya shayar da gonarsa gwargwado, sa'an nan ya saki ruwan ya isa ga na ƙasa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum kan hukuncin filaye a ƙasar nan tamu. Abin takaici ne ƙwarai a ce ilimin yana cikin zaurukanmu, ana karanta shi ana fassarawa, alhali a wajen gari ana yin akasinsa, wani lokaci ma da sa hannun mai unguwa.

Na san za a ce jama'a ta yi yawa, gonakin gado sun yi kaɗan, ga kuma bayin Allah da fitinar Boko Haram ta raba da ƙauyukansu suna neman inda za su kafa fartanya. Wannan magana ce mai nauyi, ba na kuwa raina ta. Amma a bambanta magidancin da ke neman abin da zai ciyar da iyalinsa da mutumin da ya karɓi ɗaruruwan kadada don ya loda riɗi zuwa tashar jirgin ruwa. Na farko a nema masa fili a inda ba hurumi ba, a koya masa barin gawo a gonarsa kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi har ƙasarsu ta farfaɗo, na biyu kuwa a tambaye shi wa ya ba shi, da wane dalili.

Dokar Filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna bisa amana, ba bisa mallaka ba, saboda haka ina roƙon gwamnatin Yobe, da masarautun Fika da Potiskum, da shugabannin ƙananan hukumomin Nangere da Fune da Fika, da su fito da tsofaffin taswirorin gandayen daji da burtalai, a karanta su a bainar jama'a, a sake kafa duwatsun iyaka, a kuma shata tazarar da ba za a yi noma ba daga bakin kowane kogi. Kuɗin yin haka ba su gagara ba, tun da Yobe tana cikin jihohin da shirin ACReSAL na Bankin Duniya ya shafa, kuma tun 2006 aka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, hedkwatarsa ma tana nan Damaturu. Limamanmu na Juma'a kuma su ware huɗuba guda kafin sharar gona ta bana, su bayyana wa mutane hukuncin hurumi dalla-dalla, domin dagacin da za a zo wa da takardar neman daji ya san abin da zai amsa.