Wane irin mutum ɗanki ya ƙera a cikin waya?

 

Akwai tambayar da ke yawo a bakin iyaye mata a gidan biki da makarantar Islamiyya: gem ɗin nan na harbe-harbe da yara ke bugawa a waya, a hana su ne ko a ƙyale su? A Gusau tambayar tana da nauyi na daban. Uwar da ke zaune a Sabon Gari, mai dangi a Tsafe ko Bungudu, ta san ƙarar bindiga ta gaske, ta kuma san yadda gaba ke faɗuwa idan wani nata ya hau hanyar Funtuwa da yamma. Shi ya sa da yawanmu muka gwammace yaro ya zauna a ɗaki da waya a hannu, da ya fita wasan dare. Sai ga shi abin da ke fitowa daga cikin wayar ma ƙarar harbi ce.

Amsata ita ce, kafin ki hana ko ki ƙyale, ki duba abu biyu: mutumin da yaron ya ƙera don ya wakilce shi a cikin gem ɗin, da kuma irin faɗan da ake yi a ciki. Su ne ke nuna abin da gem yake koyarwa, kuma duba su ba ya buƙatar ki iya Turanci ko ki taɓa buga gem.

Tashe ne, amma a cikin na'ura

Cikin wasannin da samari suka fi so akwai waɗanda ake kira RPG, wato wasan da mutum ke shiga rigar wani ya yi rayuwarsa. Mu da muka tashi muna kallon tashe a watan azumi ba mu buƙatar dogon bayani. Yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya naɗa rawani ya zama malam, kowa ya ɗauki murya da tafiyar wanda ya zama. Haka abin yake a nan. Bambancin kawai, da yawan waɗannan wasannin ƙagaggen labarin kimiyya ne, suna kai yaro wata duniya ta shekaru masu zuwa, mai jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi da bindigogi masu fitar da haske.

Manyan cikinsu sai a kwamfuta ko PlayStation ko Xbox ake buga su, saboda haka yaranmu sun fi haɗuwa da su a shagon gem, a gidan aboki, ko a bidiyon YouTube da TikTok. Ƙannensu kuma suna cikin wayar Android ɗin da ke hannunki.

Abu na farko: mutumin da ya ƙera

Kafin a fara irin wannan gem, akan ba mai wasa dama ya gina jaruminsa. A Mass Effect, wanda kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar a 2007, mai wasa ne ke zaɓar ko kwamanda Shepard namiji ne ko mace, da launin fata da siffar fuska, da inda ya taso, da fannin da ya ƙware a kai daga cikin guda shida. A jerin wasannin Fallout, waɗanda suka fara fitowa a 1997, ana ba shi maki ya raba tsakanin halaye bakwai: ƙarfi, lura, juriya, farin jini, basira, zafin nama da sa'a. Makin ba ya isa a cika ko'ina, dole a fifita wani a kan wani.

Wannan wajen ne nake so ki zauna kusa da ɗanki ki ce ya nuna miki. Yaron da ba ya iya faɗa miki damuwarsa da baki, sau da yawa ya riga ya zana ta a nan. Wanda ake cin zalinsa a makaranta zai iya zuba duk makinsa a ƙarfi. Mai jin kunyar magana zai iya ƙera wanda kowa ke saurare. Idan kika ga 'yarki baƙa kyakkyawa kullum farar fata da dogon gashi mai santsi take zaɓa, alhali akwai zaɓin irin fatarta, to kin samu abin tattaunawa tun kafin ta kai shekarun da ƙawaye za su fara nuna mata man bilicin. Kada ki yi faɗa. Ki tambaya kawai: "Me ya sa kika zaɓi wannan?" Sannan ki yi shiru ki saurara.

Rigar da mutum ya shiga tana taɓa halinsa. A 2007 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Nick Yee da Jeremy Bailenson, sun gwada haka. Mutanen da aka ba su dogon jarumi a cikin kwamfuta sun fi tsaurin ido wajen rabon kuɗi a kan waɗanda aka ba gajere. Mu ma mun san yaro idan ya sa kayan sallah har tafiyarsa canzawa take yi.

A wannan wajen ne kuma rashin kunya ke fara bayyana. Cyberpunk 2077, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland ya fitar a Disamban 2020, yana nuna jarumin tsirara tun a shafin ƙira, har da zaɓin siffar al'aura. An yi shi ne don 'yan shekara 18 zuwa sama, kuma an rubuta hakan a jikinsa. Idan kika ji sunansa a bakin ɗan shekara goma sha uku, ki binciki inda yake ganinsa.

Abu na biyu: irin faɗan

Masu buga gem suna yawan gardama a kan wane ne faɗansa ya fi kyau. Su abin da suke nufi shi ne daɗin sarrafawa: bindiga ta amsa da an taɓa, abokin gaba ya zama mai wayo, nasara ta zo da gumi. Ma'aunin uwa daban ne, kuma al'adarmu ta riga ta ba mu shi. Dambe faɗa ne, amma yana da fage, yana da doka, yana da masu rabawa, kuma idan ɗaya ya kai ƙasa an gama. Sara-suka ma faɗa ne. Babu wadda za ta ce ɗaya suke.

Ki kalli gem ɗin na minti goma da tambayoyi huɗu a ranki.

Ta farko, tunani yake buƙata ko saurin yatsa kawai? Honkai: Star Rail, wanda ya fito a Afrilun 2023 kuma ake buga shi a waya, faɗansa bi da bi ne kamar dara: ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa, kana lissafin abin da zai biyo baya. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017 kuma yaranmu suka fi sani, ba RPG ba ne sosai ko da yake shi ma ana zaɓar jarumi mai baiwa ta musamman. Mutum hamsin ake jefawa a tsibiri, a yi ta harbi kusan minti goma har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Da an gama zuciya ta ce a sake. Wannan "bari in ƙara ɗaya" ɗin shi ne ke cinye lokacin Magariba da na haddar Alƙur'ani.

Ta biyu, akwai wata mafita ban da kisa? A Fallout na farko, wanda ya gina jarumi mai iya magana, ya kuma tattara hujja, zai iya shawo kan babban mugun labarin ba tare da ya harbe shi ba. Gem ɗin da ke saka wa mai sulhu da nasara yana koyar da abin da muke roƙon Allah ya kawo mana a jihar nan.

Ta uku, mutuwa tana da nauyi? A Mass Effect akwai inda dole kwamanda ya zaɓi wanda zai ceta tsakanin abokan tafiyarsa biyu, kuma wanda aka bari ba ya dawowa, har a kashi na biyu da na uku da suka fito a 2010 da 2012. Sai dai shi ma na manya ne, a Amurka an ware shi ga 'yan 17 zuwa sama, kuma akwai soyayya a ciki. Na kawo shi ne don ki ga bambanci da gem ɗin da rai ba ya wuce lamba a saman allo.

Ta huɗu, wa ake harbi kuma me ake nunawa? Farfasa mutum-mutumi na ƙarfe daban yake da harbin mai kama da ɗan Adam jini na fallatsa, balle inda ake ba da lada don an kashe wanda bai ɗauki makami ba.

Shin gem zai mayar da yaro ɗan ta'adda? Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar da ke danganta waɗannan wasanni da aikata manyan laifukan zubar da jini, amma akwai 'yar alaƙa da ƙananan halayen zafin rai irin su tsawa da ture-ture. Don haka kada mu ɗora wa waya laifin abin da ke faruwa a dazukanmu. Amma yaron da ya taɓa gudun tsira daga ƙauye, ko aka taɓa sace wani nasa, shi lamarinsa daban ne. Idan yana firgita cikin barci ko yana razana da ƙara, ki nisanta shi da gem mai harbi, shi da ƙannensa da ke leƙe ta bayansa.

Inda kuɗin cefane ke zurarewa

Ƙirar jarumi da faɗa suna haɗuwa a waje ɗaya, wato aljihu. Gem ɗin waya da ake saukewa kyauta yana cin riba ne ta hanyar sayar da kaya da jarumai. A Free Fire da lu'ulu'u ake saye, kuma a Disamban 2020 har jarumi suka fitar mai siffar Cristiano Ronaldo. A Honkai: Star Rail kuwa ƙuri'a ake ja: damar samun babban jarumi a ja ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma mai rashin sa'a zai iya kaiwa ja 90 kafin a tabbatar masa da guda. A biya kuɗi ba a san abin da za a samu ba, ai mun san sunan wannan a addini da al'ada. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a a matsayin caca tun 2018. A Janairun 2025 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin da ya yi Honkai biyan dala miliyan 20 a kan wani gem nasa, Genshin Impact, tare da hana shi sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 irin wannan ƙuri'a ba da izinin iyaye ba.

Abin da za ki iya yi yau

Ki buɗe Play Store ki nemo sunan gem ɗin, za ki ga shekarun da aka ware masa: 3, 7, 12, 16 ko 18. A cikin saitin Play Store akwai wajen kulawar iyaye inda za ki sa lambar sirri, ki kuma sa a riƙa neman izini kafin kowane saye. Manhajar Family Link ta Google tana ba ki damar ƙayyade awannin da wayar yaro za ta yi aiki. Kada ki bar katin ATM ɗinki a maƙale da wayar da yara ke ɗauka. Ki tambayi da wa yake magana idan ya sa abin kunne, domin yawancin wasannin nan suna haɗa yaro da baƙin da bai taɓa gani ba. Waya ta kwana a ɗakinki. Ki kuma sa baban yara a cikin maganar, don kada doka ta zama ta Mama kaɗai.

Ba kowane mai son gem ne ya kamu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a jerin cututtuka, jerin da ya fara aiki a Janairun 2022, amma sai idan mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita gem a kan komai, ya ci gaba duk da illar da yake gani, kuma yawanci sai an shafe wata 12 a haka. Ma'aunin gida mai sauƙi ne: salla a kan lokaci, karatu, barci, aike. Idan waɗannan suna tafiya daidai, ki sassauta. Idan sun fara tangarɗa, ki ja linzami tun icce yana ɗanye.

Idan kuma kika ga yaron ya fi daɗewa wajen ƙera jarumi da tsara masa labari a kan harbin kansa, ki lura da kyau, wataƙila baiwa ce. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, RPG mai jarumai baƙaƙe da kayan Afirka. A Legas, kamfanin Maliyo Games ya yi gem ɗin waya na Iwájú, labarin Disney na 2024 da ya hasko Legas ta shekaru masu zuwa. Masu zane da marubuta da masu lissafi ne ke wannan aiki, kuma sana'a ce da ake ci da ita. Ki saya masa littafin zane da fensir, ki ce ya zana miki jarumin Gusau na shekara ɗari masu zuwa: sunansa, rigarsa, sana'arsa, da yadda zai raba faɗa.

Wadda ta zauna ta ga jarumin ɗanta ko na 'yarta, ta faɗa mana a ƙasa abin da ta gani da amsar da aka ba ta. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Zamfara da ƙasa baki ɗaya lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.