Zauren Iyali: Yaron da ba a zaɓa a filin ƙwallo

Ya ku iyaye, kowace unguwa tana da yaron da in ana rabon ƴan ƙwallo shi ake bari a ƙarshe, ko a tura shi tsaron gida don cike gurbi. Yau da gobe sai ya daina fita, ya duƙufa kan salula, a riƙa kiransa raggo. Alhali jikinsa na bukatar motsi kamar na kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma ba ta sharɗanta gasa ba.

Wasannin dandali sun wadatar. A gaɗa babu mai ci, babu wanda aka ci. Haka lilo, da tsallen igiya, da gara taya da sanda. Da la'asar sakaliya uba ya ja ɗansa su taka zuwa garka, ya miƙa masa butar ban-ruwa.

Abin kiyayewa ɗaya ne: kada a gwada shi da wansa ko ɗan maƙwabta, domin gori ne ke mayar da irinsa ɗaki. In ya dawo yana gumi yana dariya, a yaba masa. Allah ya raya mana zuri'a.