Kusurwar Kwamfuta: Buhu Ya Iso, Shaidar Jikinsa Ta Ɓace

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga yadda ake rubuta shaida a jikin buhun riɗi: sunan mai shi da garin da ya fito. In aka juye riɗin a sabon buhu aka manta da shaidar, to rigima ta samu. Irin wannan mantuwa tana faruwa a kwamfuta, ita ce darasinmu na yau.

Akwai tsarin ajiye bayanai da ake kira XML, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar a 1998. Takardun Word masu ƙarewa da .docx, waɗanda muke bugawa a shagon kwamfuta, da shi aka gina cikinsu. A ce za a yi gasar kacici-kacici a Gumel, sai malaminmu ya shigar da ɗaliba kamar haka:

<daliba lamba="17" gari="Gagarawa">Hadiza</daliba>

Kalmar daliba ita ce buhun, sunan Hadiza shi ne riɗin. Su kuwa lamba da gari su ne shaidar jikin buhu, ana ce musu siffofi.

Idan muna son juya wannan jeri ya koma wani fasali, misali shafin intanet, muna amfani da harshen XSLT, wanda ya fito a Nuwamba 1999. Yana da umarnin kwafi iri biyu. Na farko, xsl:copy-of, yana ɗauke buhu da riɗi da shaida gaba ɗaya. Na biyu, xsl:copy, sabon buhu kawai yake ɗinkawa mai suna iri ɗaya, wayam ba komai.

A nan mai koyo yake tuntuɓe. Zai ƙara xsl:apply-templates, ya ga suna ya fito, ya ɗauka aiki ya kammala. Amma wannan umarni, in ba a faɗa masa abin da zai zaɓa ba, abin da ke cikin buhu kaɗai yake ɗauka, ba ya duba siffofi. Kwamfuta kuma ba za ta ce uffan ba. Sai ranar gasa a tarar da Hadiza biyu, ɗaya daga Gagarawa, ɗaya daga Sule Tankarkar, babu lambar da za ta bambanta su. Kyautar wata ta tafi hannun wata.

Maganin shi ne mu rubuta select="@*|node()". Alamar @* tana nufin dukkan siffofi, node() kuma abin da ke ciki. Sai mu tabbatar akwai ƙa'idar da za ta kwafe siffofin, in ba haka ba za su zube a cakuɗe: 17GagarawaHadiza.

Mu riƙe abu biyu. Siffofi ake fara sakawa kafin abin ciki. Wadda ta zo a makare, ko a yi watsi da ita ko aikin ya tsaya. Sannan in siffa ɗaya ta zo sau biyu, ta ƙarshe ce ke zama. Da haka muke gyara kuskure: mu kwafe duka, mu sake rubuta garin daidai.

Aikin gida: ku ɗauki littafin rajistar ajinku, ku ware mene ne buhu, mene ne riɗi, mene ne shaida. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.